Hoton Kan Naja'atu

A Yargalma, idan yaro ya faɗi yana jijjiga, ba a tsayawa tambayar abin da ya same shi. Tun kafin a ɗaga shi daga ƙasa wata tsohuwa za ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Dalma ce." Shi ke nan, magana ta ƙare. Kuma wa zai ga laifinsu? Mutanen nan sun ga shekarar dubu biyu da goma da idonsu, shekarar da aka riƙa niƙa dutsen zinari a tsakar gida, a turmin da ake dakan fura, ƙurar gubar dalma ta riƙa ɗaukar yara ɗaya bayan ɗaya har maƙabarta ta cika da ƙananan kaburbura. Wanda ya ga wannan, dole ya zaci kowace jijjiga ita ce ta dawo.

Safara'u ta binne 'ya'ya maza biyu a wannan shekarar. Ta ukun, Naja'atu, tana goye a lokacin, ita ma har ta kama hanya, sai likitocin agaji suka zo suka kwashe su zuwa asibiti, aka yi ta ɗura wa jaririyar wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai har ta farfaɗo. Aka kankare ƙasar gidajen garin aka zuba sabuwa. Mijinta Shitu ya dafa Alƙur'ani a gabanta ya ce shi da dutsen zinari har abada. Daga nan kuma haihuwa ta tsaya wa Safara'u cik. Naja'atu ita kaɗai ce ta rage mata a duniya, kuma kowa a unguwar ya san wanda ya taɓa yarinyar nan ya taɓo wa kansa rigima.

Yarinya ta tashi doguwa, mai surutu kamar rediyo, mai dariyar da ake ji daga gida na uku. Abu ɗaya ne ya dame ta. Tun tana ƙarama kunnenta na hagu yake zubar da mugunya, ya tsaya, ya dawo, ga wari. Safara'u ba ta taɓa sa wannan a jerin cututtuka ba. Ruwan kunne kuma? Yara nawa ne a garin suke yawo da shi? Ita cutar da ta sani ita ce mai kashewa. Sai da Naja'atu ta kai shekara goma sha biyar, ta dawo daga Islamiyya wata rana tana kuka, wai 'yan mata suna matsawa idan ta zauna a tabarma, sannan uwar ta tashi tsaye. Wata Bafillatana daga Gwashi mai kawo musu nono ta koya mata: a sami auduga, a jiƙa ta da man shanu da garin wata saiwa, a tura can ciki, a bar ta. Safara'u ta tura da tsinke, ta ƙara wata a kai. Ba a daɗe ba kunne ya bushe ƙamas, wari ya ɗauke. Har gidan suna sai da ta ba da labarin, tana cewa abin da ya gagari mai kemis ita ta gama da shi.

Bayan an gama girbin gero ciwon kai ya fara. Naja'atu za ta dafe gefen kanta ta ce, "Inna, kamar ana dakan wani abu a ciki." Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Namadi mai kemis ya ce sauro ne, ya ba da ƙwayoyi. Aka sha, ba a ga komai ba. Sai amai da sassafe, tun ba ta sa komai a ciki ba. Sai surutun ya ragu, kuma wannan ne ya fi tayar wa Safara'u hankali, don gidan ya yi shiru irin wanda ba ta so.

Wata rana da hantsi Naja'atu tana tankaɗe a bakin ɗaki, rariya ta suɓuce daga hannunta. Ta karkace, ta zube, jikinta ya hau rawa, idanu suka juye, kumfa a baki. Safara'u ta yi kanta tana salati. Ta san wannan rawar jikin, ai sau biyu ta riƙe irinta a cinyarta. Mata suka cika gidan, kuma ba wadda ta faɗi wani abu daban da abin da ke ranta.

Da yarinyar ta lafa, barci ya ɗauke ta, Safara'u ta miƙe. Ta shiga ɗakin Shitu ta birkita shi. Ta leƙa turken awaki. Ta zagaya bayan rumbu, ta ɗaga karan da aka jingine, sai ga ɗan buhu ɗaure da igiya. Ta kwance. Dutse ne, fari-fari mai tsatsa, wanda ko a mafarki ta gan shi za ta gane shi.

Shitu ya dawo da azahar ya same ta zaune a tsakar gida da buhun a gabanta.

"Malam, mi ne ne wanga?"

Ya tsaya da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Safara'u, ki saurare ni. Gonar daji ba ta nomuwa, kin sani, 'yan bindiga sun hana. Abin da munka samu bana ba ya kai mu rani. Ban niƙa shi nan ba, wallahi. Ajiyewa kawai na yi."

"Ajiyewa! Ka dafa Littafin Allah, Malam. Biyu ba su ishe ka ba, sai ka cika na uku?"

Maganar ta sauka a kansa kamar taɓarya. Bai yi musu ba, don shi ma ya gaskata. Ya juya zai shiga ɗakin da yarinyar take kwance, Safara'u ta yi wuf ta tare ƙofar da hannu biyu.

"Kada ka taɓa min ɗiya da hannuwan nan. Ko inuwarka ban yarda ta faɗa kanta ba."

Mutumin nan ya ja da baya, ya fita zaure ya zauna. Tun daga ranar bai sake tsallaka bakin ɗakin ba.

To, a nan ne abin takaicin yake. Maimakon a ɗauki yarinya a yi asibiti da ita a ranar, Safara'u ta ɗauki fartanya ta hau kankare tsakar gida, kamar yadda ta ga an yi a wancan karon. Ita a ganinta, muddin gubar tana gidan, ko an warkar da yarinyar za ta dawo ta sake shaƙa. Ta kankare tun daga zaure har bayan rumbu, tana kwashe ƙasar a kwando tana kaiwa bayan gari, tafin hannunta duk ya yi kanta ya fashe. Maƙwabta suna yaba mata, suna cewa uwa ke nan. Kwanaki suka tafi a haka. Kaico! Duk wannan wahalar, abin da yake cin Naja'atu yana can yana girma a inda fartanya ba ta kaiwa.

Sai da jijjigar ta sake dawowa, ta bar yarinyar hannun dama ba ya riƙe kofi, sannan aka nemo mashin. Aka sa Naja'atu a tsakiya, Safara'u ta rungume ta ta baya. Shitu ya biyo su a wani mashin ɗin daban, nesa kaɗan, kamar baƙo. Suka ratsa ta Bukkuyum, suka sami mota zuwa Anka, inda Safara'u ta san ana gwajin dalma.

Likitan da suka samu a can sunansa Clement, mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe a yankin har Hausarsa ta fara ɗaukar harshen mutanen wurin. Tun bai zauna ba Safara'u ta gaya masa cutar da maganinta.

"Likita, dalma ce. Ka ba ta ƙwayar nan mai wari, ita ta tashe ta tana jinjira."

Ya ce, "To, Inna, bari mu gani."

Aka ɗebi jini. Ya sa Naja'atu ta matse yatsunsa da hannun hagu, ta matse. Da na dama kuwa, sai ka ce jariri ne ya riƙe shi. Ya tambaye ta sunan garinsu, ta buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa, ta dubi uwarta hawaye na zuba. Tana kwance lulluɓe cikin hijabi har haɓa, shi kuma namiji ne, baƙo, ga uwar a tsaye a kansa kamar mai gadi, sai ya haska idanunta da tocila, ya taɓa wuyanta ta saman mayafin, ya bar ta haka.

Da sakamakon jinin ya fito ya kira Safara'u. "Akwai dalma a jininta, amma kaɗan ce, irin wadda ake samu a jikin kusan duk wanda ya tsira a garinku. Wannan ba za ta kayar da budurwa kamar ta ba. Kuma dalma ba ta cika zaɓar ɓari ɗaya ta bar ɗaya ba. Ga zazzaɓi. Akwai wani abu a cikin kanta a gefen hagu, kuma ban san ko mene ne ba sai na ga hoto."

Ran Safara'u ya ɓaci. "Haba Likita! Ni za a gaya wa dalma? Ni da na wanke gawa biyu? Na ga dutsen da idona a gidana."

"Ban ƙaryata ki ba. Amma ki bar ni in ga hoton."

Ya sa aka fara yi wa yarinyar allurai masu ƙarfi ta jijiya, ya rubuta musu takarda zuwa wani wurin ɗaukar hoton kai a Gusau, don duk Anka babu na'urar. Shitu ya koma gida ya sayar da san nomansa ya dawo, ya miƙa wa Safara'u abin da ya samu ta hannun wata mai jinya, don ta ƙi karɓa daga hannunsa.

A Gusau aka kwantar da Naja'atu a wani siririn gado, gadon ya shige da kanta cikin wata na'ura mai faɗin baki kamar an tayar da bakin rijiya tsaye. Aka ɗauka, aka yi mata wata allura a hannu wadda aka ce ita ke sa hoton ya fito fili, aka sake ɗauka. Safara'u tana leƙe ta gilashi, ta ga mai ɗaukar hoton ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe bai motsa ba. Da ya fito ta tare shi ta ce, "Ɗana, mi ka gani?" Ya kau da kai ya ce shi ɗauka ce aikinsa, mai karantawa ya yi tafiya, su mayar wa likitan da ya aiko su. Ya ba ta babban ambulan. Haka suka juyo Anka da yarinyar tana ta barci a mota, alhali da wani ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya, daga nan Sakkwato za su miƙe.

Washegari da safe Likita Clement ya zaro hoton daga ambulan. Wata baƙar leda ce mai tauri, an jera ƙananan hotuna a kanta layi-layi. Babu wuta, saboda haka ya je bakin taga ya ɗaga ta ga hasken rana. Safara'u ta ga idonsa yana bin layukan, sai ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sauke hannunsa, ya sake ɗagawa. Ya ce, "Ina mahaifinta? A kira shi."

"Yana waje. Ka faɗa mini, ni ce uwarta."

"Ku biyun nake so."

Shitu ya shigo ya rakuɓe a jikin ƙofa, hularsa a hannu.

Likita ya ce, "Ku matso ku gani da idonku. Kowane ɗan hoto a nan kamar an yanka kabewa ne gunduwa-gunduwa ana duba cikinta. Wannan farin da ya zagaye, ƙashin kai ne. Wannan toka-tokan na ciki, ƙwaƙwalwa ce. Ku dubi wannan ɓangaren, lafiya lau. Yanzu ku dubi ɗayan."

Ba sai an yi karatu ba. Safara'u ta gan shi. A cikin tokar akwai wani farin zobe, siriri, zagayayye sumul kamar an zana shi da bakin kofi, cikinsa baƙi. A kewayensa kuma wani duhu ya bazu kamar ruwa ya jiƙa zane.

"Mi ne ne wanga?" ta tambaya.

"Maruru ne, Inna. Irin wanda yake fitowa a cinya ko a hammata, amma wannan a cikin ƙwaƙwalwa ya fito. Baƙin da ke tsakiya mugunya ce. Farin zoben kuwa bango ne da jiki ya gina don ya tsare ta, allurar da aka yi mata ita ta haska shi. Duhun da ke kewaye kumburi ne. Kin ga wannan layin na tsakiya? Kamata ya yi ya raba kai biyu daidai. Dubi yadda ya lanƙwashe, an ture shi gefe. Maruru a cinya yana da wurin da zai kumbura. A cikin ƙoƙon kai babu wuri, sai dai ya danne abin da ya tarar."

Safara'u ta ce, "To ai dalmar ce ta kawo shi."

"A'a. Dalma idan ta taɓa ƙwaƙwalwa, duka take kumbura ta, ko'ina da ko'ina. Ba ta zana zobe. Akwai wasu cututtukan da suke yin zobe, kamar ciwon daji ko tarin fuka idan ya hau kai, amma na daji bangonsa yakan yi kauri, ya yi gargada. Wannan siriri ne, sumul, ga zazzaɓi. Mugunya ce. Abin da nake nema yanzu shi ne ta inda ta shiga."

Ya saukar da yatsansa zuwa layin ƙasa na hotunan, ya tsaya. "Ga ƙashin bayan kunne. A wannan ɓangaren kun ga ƙananan ramuka baƙaƙe kamar saƙar zuma? Iska ce a ciki, haka Allah ya yi shi. A ɓangaren hagu fa? Babu ramukan. Duk ya cushe, har wani wurin ƙashin ya cinye. Kuma zoben a kansa yake zaune daidai." Ya juyo ya dube ta. "Inna, kunnenta na hagu yana ruwa?"

"Da can. Amma ya warke. Ni na warkar da shi."

"Yaushe ya daina?"

"Kafin girbi."

"Ciwon kan fa?"

Ta lissafa a ranta. Bayan girbi.

Likita bai jira ba. Ya nufi gadon, ya ce, "Ki yi haƙuri, ki ɗaga mata hijabin." Safara'u ta ɗaga. Bayan kunnen ya ɗan tasa, ya yi ja. Ya sa ɗan ƙarfe mai kamar hantsaki a hankali, ya jawo. Auduga ta fito, ta yi baƙi ta dunƙule, wata ta biyo ta, sannan mugunya mai kauri ta biyo baya. Warin da Safara'u ta yi murnar rabuwa da shi ya cika ɗakin.

Safara'u ta zauna a ƙasa daɓas. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ce. Da hannuna na tura ta, da tsinke. Ni na kashe ɗiyata."

Likita ya tsuguna a gabanta. "Ki ji ni da kyau. Ciwon nan ya yi shekaru yana cin ƙashin a hankali, ko ba ki toshe ba yana iya kaiwa can. Kunnen da ya daɗe yana ruwa, idan ya tsaya farat ɗaya ciwon kai ya biyo, ba warkewa ba ce, amma wa ya taɓa gaya miki? Ni ma da na ɗaga mayafin nan ranar da kuka zo, da na gani. Ban ɗaga ba. Kuma ba ta mutu ba, tana numfashi. Allura kaɗai ba za ta iya da mai girman wannan ba, sai an huda ƙashin an zuƙe mugunyar. Masu wannan aikin suna Sakkwato. Yau za ku tafi, yanzu."

Ta ji maganarsa, amma ba ta shiga ba. Abin da ya shiga shi ne da ta ɗaga kai ta ga Shitu har yanzu yana jikin ƙofa, bai matso ba ko taku ɗaya, hawaye yana bin gemunsa. Mutumin nan duk tsawon kwanakin nan a waje yake kwana kamar kare, yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta bar shi ya ji ɗumin goshin 'yarsa ba.

"Malam," ta ce. Bai ji ba. Ta sake cewa, "Malam, zo ka ɗauke ta."

Ya dubi hannuwansa, ya goge su a jikin rigarsa, ya sake gogewa. Sannan ya zo ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga. Naja'atu ta buɗe ido kaɗan. Ta dube shi ta daɗe, leɓenta yana motsi, tana neman kalmar. Da ƙyar ta fito. "Baba."

"Na'am, uwata. Ga ni."

Likita ya yi waya Sakkwato, ya ɗauki hoton zoben da wayarsa a jikin taga ya tura musu don su shirya. Aka samo wani direba mai suna Makau da ƙaramar motarsa. Makau ya ce hanyar Mafara ba ta biyuwa yau, tun da safe 'yan bindiga suka tare ta, motocin da suka fita duk sun juyo. Sai dai a zagaya ta Gummi, ga nisa ga ramuka. Likita ya rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙofar motar, ya ce wa Shitu, "Ka ɗaga kanta sama, ka riƙe shi da kyau, kada ya riƙa buguwa." Ya ce wa Makau, "Kada ka tsaya ko'ina."

Shitu ya zauna a baya, kan yarinyar a ƙirjinsa, tafukansa biyu sun tallafe shi. Safara'u ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinya tana murza su, babban ambulan ɗin a gefenta. Makau ya taka mota. Duk ramin da suka faɗa, Shitu yakan ɗaga kan da hannuwansa don kada girgizar ta kai gare shi, yana cewa, "Sannu, uwata. Sannu." Rana ta take, motar ta ɗauki zafi. Suka wuce mararrabar Bukkuyum, Safara'u ko kallon hanyar gida ba ta yi ba. Idonta yana kan ƙirjin Naja'atu, yana hawa yana sauka, tana jan salati a kan kowane numfashi.

Gaba kaɗan numfashin ya canja. Ya zama mai nauyi, da minshari, ya yi sauri-sauri, ya tsaya, sai ka ce ya tafi, sannan ya dawo da ƙarfi. Safara'u ta ce, "Makau, don girman Allah ƙara wuta." Makau ya ce, "Inna, iyakarta ke nan, wallahi ƙafata tana ƙasa." Ta kira sunan yarinyar, ta mintsini ɗan yatsan ƙafarta, babu motsi. Ta yi alkawura ga Allah iri-iri a cikin ranta, na azumi, na sadaka, har da waɗanda ta san ba za ta iya cikawa ba.

Suka shiga Gummi ana kiran sallar la'asar. Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe da mashina da amalanke da shanu. Makau ya kwanta a kan oda, ya leƙa ta taga yana ihu, "Mara lafiya! A ba mu hanya, mara lafiya!" Mutane suka riƙa darewa, wasu suna leƙowa suna cewa Allah ya ba da lafiya. Da ƙyar suka fita ɗaya gefen garin, titi ya buɗe, Makau ya sake taka ta.

Safara'u ce ta fara lura Shitu ya daina cewa sannu. Ta ɗaga ido. Yana zaune yadda yake, tafukansa suna tallafe da kan, sun faɗa rami ya ɗaga shi a hankali kamar ɗazu. Amma leɓensa wani abu yake karantawa, kuma ta san abin da ake karanta shi a kai. Ta dubi ƙirjin yarinyar. Ta jira ya hau. Ta ƙara jira. Ƙafafun da ke cinyarta har yanzu da ɗuminsu, ta ƙanƙame su, ta kasa ko kuka.

Makau bai san komai ba, idonsa yana kan titi. Ya ce, "Ku ƙara haƙuri, in Allah ya yarda kafin magariba muna Sakkwato."

Motar ta ci gaba da gudu, ledar ƙarin ruwan tana kaɗawa a jikin ƙofa. Shitu ya sa babban yatsansa ya shafe idanun 'yarsa, ya jawo hijabin ya rufe mata fuska. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar direban.

"Makau, rage gudu, ɗana. Nemi wuri ka juya. Gida za mu."